Digiri na Farko a Makarantar Koyon Kasuwanci: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da Ɗalibi Ke Tararwa

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai masu neman gurbin karatu, da waɗanda suka riga suka fara, da iyayen da ke ɗaukar nauyinsu, suka fi yawan yi game da rayuwa a makarantar koyon kasuwanci.

Mece ce makarantar koyon kasuwanci, kuma shekara nawa ake yi kafin a kammala?

Galibi tsangaya ce a cikin jami'a, wadda ta tattara fannonin akanta, harkar kuɗi, tallata kaya, gudanarwa da tattalin arziki a wuri guda, ko da yake akwai waɗanda suke zaman kansu. Tsarin ya daɗe. An kafa makarantar ESCP a birnin Faris a shekarar 1819, sannan a 1881 attajiri Joseph Wharton ya ba da kuɗin da aka buɗe makarantar da ke ɗauke da sunansa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Jami'ar Bocconi ta Milan ta biyo baya a 1902.

Tsawon karatun ya danganta da ƙasa. A Amurka shekara huɗu ake yi, kuma ɗalibi kan cinye kusan rabin wannan lokaci yana karanta darussan gama-gari kamar tarihi, rubutu da kimiyya. A Ingila shekara uku ce, a Sikotland kuwa huɗu. Yawancin ƙasashen Turai sun koma shekara uku bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999 da ta daidaita tsarin jami'o'insu, inda ake lissafa wa kowace shekara maki 60 na nauyin karatu, kuma kowane maki ɗaya yana daidai da awa 25 zuwa 30 na aiki. Wanda ya yi wannan lissafi zai ga ana sa ran ya yi awa 1,500 zuwa 1,800 a shekara, wato kusan daidai da ma'aikacin da ke aiki na cikakken lokaci.

Me ake karantawa a shekarar farko?

Sabon ɗalibi yakan zo da tunanin za a zaunar da shi a koya masa yadda ake kafa kamfani, sai ya tarar da tushen akanta, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci da rubutun rahoto. Ana yin laccocin ne a manyan ɗakuna, wani lokaci da ɗaruruwan ɗalibai, kuma malamin ba zai san sunan kowa ba. Wannan ne ya sa wasu suke sarewa tun a zangon farko. Sai dai darussan da suka fi gundurarwa a wannan shekara su ne waɗanda duk sauran karatun ya dogara a kansu, kuma wanda ya wuce su da haddar dare ɗaya zai sake haɗuwa da su a shekara ta uku, lokacin da babu malamin da zai tsaya ya maimaita masa.

Ba ni da ƙarfi a lissafi. Zan iya karatun?

Za ka iya, amma ba ta hanyar guje wa lissafin ba. Abin da ake buƙata bai kai na injiniya ba: kaso cikin ɗari, aljabara mai sauƙi, karanta jadawali, ɗan ilimin yiwuwar aukuwar abu, da kuma fahimtar yadda darajar kuɗi ke sauyawa da lokaci. Misali, kuɗi 100 da ke haɓaka da kashi 10 cikin ɗari a shekara zai zama 110 bayan shekara ɗaya, ya zama 121 bayan shekara biyu, domin ƙarin da aka samu shi ma yana haifar da ƙari. Idan aka juya lissafin, 121 da za a karɓa nan da shekara biyu daidai yake da 100 a yau. Kusan duk darasin harkar kuɗi, daga tantance ko ya dace a sayi sabon inji zuwa ƙiyasta darajar kamfani, a kan wannan juyi aka gina shi.

Abin da ke kayar da ɗalibai ba wuyar lissafin ba ce, rashin atisaye ne. Yawancin makarantu suna da ajin ƙarin bayani da manyan ɗalibai ko mataimakan malamai ke gudanarwa, kuma abin mamaki, waɗanda suka fi halartarsa sau da yawa su ne waɗanda ba su da matsalar. Haka nan ya kamata ɗalibi ya koyi amfani da manhajar Excel ta lissafi da jadawali da wuri, tun kafin a tilasta masa.

Me ya sa ake yawan kuka da darasin akanta?

Domin shi ne darasin da ba ya karɓar surutu. A wasu darussan ɗalibi mai baki na iya cika shafuka ya samu maki, amma a akanta ko dai lissafin ya daidaita ko bai daidaita ba. Tsarin shigar da kowane ciniki a wuri biyu, wanda malamin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya bayyana a littafin da aka buga a birnin Benis a 1494, yana nan har yau bai sauya ba: abin da kamfani ya mallaka dole ya yi daidai da bashin da ake binsa haɗe da jarin masu shi. Makonnin farko sukan rikita mutum, sannan wata rana abin ya buɗe masa gaba ɗaya, kuma daga nan ba ya sake rufewa.

Darasi mafi amfani da ɗalibi zai ɗauka a nan shi ne cewa riba daban, kuɗi a hannu daban. A ɗauka kamfani ya sayi kaya na 400,000 da zai biya cikin kwana 30, ya sayar da su a kan 500,000 ga wanda zai biya bayan kwana 90. A littafi kamfanin ya ci ribar 100,000. A zahiri kuwa akwai kwana 60 da ya biya bashinsa alhali ba a biya shi ba, kuma a cikin waɗannan kwanaki akwai albashi da haya da kuɗin lantarki da ba za su jira ba. Kamfanoni masu cin riba a takarda suna durƙushewa ta wannan hanya. A ganina, ɗalibin da ya kammala digiri bai iya karanta bayanin shige da ficen kuɗi na kamfani ba, ko wane fanni ya zaɓa, ya bar mafi tsadar abin da aka biya masa kuɗin makaranta dominsa.

Mene ne nazarin labarin kamfani da ake yi a aji, kuma yaya ake shirya masa?

Hanya ce ta koyarwa da ta yi suna a makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ta kuma aro salon daga tsangayar shari'a ta jami'ar. Labari na farko da aka rubuta a can a 1921 shafi ɗaya ne kacal, a kan wani kamfanin takalma. Ita Harvard ba ta ba da digiri na farko a kasuwanci, amma salon ya bazu ko'ina, kuma akwai makarantu kamar Ivey ta Kanada da suka gina karatun digiri na farko a kansa.

Ana ba ɗalibi labari na shafuka goma ko ashirin game da wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, haɗe da jadawalin kuɗi, a ce masa ya ɗauki kansa a matsayin manajan ya yanke shawara. Da gangan ake cusa bayanan da ba su da amfani, a kuma ɓoye wasu da ake buƙata, domin haka lamarin yake a wurin aiki. A aji malami zai iya nuna kowa ba tare da sanarwa ba, ya ce masa ya buɗe tattaunawar, kuma a wasu darussan magana a aji tana da kaso mai tsoka a cikin makin ƙarshe.

Shiri mai kyau yana buƙatar karatu sau biyu. Na farko a gaggauce, don gano wane ne zai yanke shawarar da kuma abin da ya rataya a wuyansa. Na biyu da biro da na'urar lissafi, don fitar da alƙaluman da za su tsaya wa matsayin da mutum ya ɗauka. Ɗalibi mai kunya ba ya buƙatar yin magana sau da yawa. Magana ɗaya da ta kawo lissafin da sauran ba su yi ba ta fi biyar da ke maimaita abin da aka riga aka faɗa. Salon yana da nakasunsa, kuma ya kamata a faɗe shi: yana iya sabar wa matashi yin magana da cikakken yaƙini a kan masana'antar da bai taɓa takawa ba, kuma labaran sun fi karkata ga manyan kamfanoni, alhali ɗalibai da yawa a ƙananan wurare za su yi aiki.

Me ya sa aikin rukuni ya yi yawa haka, kuma me zan yi da wanda ba ya taɓuka komai?

Wannan ne ƙorafin da ya fi kowane yawa. Ana haɗa ɗalibai huɗu ko biyar, sau da yawa ba su suka zaɓi juna ba, a ba su aiki ɗaya da maki ɗaya. Kusan a kowane rukuni za a samu mai son ya yi komai shi kaɗai, da mai alkawari ba cikawa, da wanda ba a ganinsa sai ranar gabatarwa. Makarantu suna sane da hakan, kuma ba su daina ba, domin a wurin aiki ma ba wanda zai ba mutum damar zaɓen abokan aikinsa.

Matsalar tana raguwa idan aka yi abu uku a zaman farko: a rubuta wanda zai yi kowane ɓangare, a sa wa'adin cikin gida da ya riga na malami da kwanaki, a kuma ajiye aikin a wurin da kowa zai ga gudummawar kowa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yayyanka aikin kowa ya tafi da nasa, a zo a liƙa su a daren ƙarshe. Malami na gane irin wannan rahoto tun daga shafi na biyu, domin alƙaluman wani ɓangare suna ƙaryata na wani. Idan wani ya ƙi aiki, a fara yi masa magana kai tsaye cikin mutunci, tunda wani lokaci rashin lafiya ce ko matsalar gida ko kuma bai fahimci aikin ba yana jin nauyin tambaya. Idan hakan bai yi ba, a sanar da malami tun da sauran lokaci, da shaidar saƙonnin da aka aika. Darussa da yawa suna da takardar da 'yan rukuni ke auna juna a asirce, kuma tana iya sauya makin mutum.

Yaushe ake zaɓen fanni, kuma wanne ya fi?

Yawanci a shekara ta biyu ko ta uku. Babu wanda ya fi a kowane hali. Akanta na da hanya mafi bayyana zuwa aiki. Harkar kuɗi ta fi gasa. Tallata kaya, wanda wasu ke gudu zuwa gare shi da zaton babu lissafi, yanzu ya cika da nazarin bayanan masu saye. Sarrafa jigila da safarar kaya fanni ne da ɗalibai suka daɗe suna rainawa, har annobar korona ta 2020 ta nuna wa duniya abin da ke faruwa idan kaya suka maƙale a tashoshin jiragen ruwa. Shawarar da ta fi inganci ita ce a duba darasin shekarar farko da mutum ya yi wa ƙarin karatu ba tare da an sa shi ba.

Shin zuwa sanin makamar aiki dole ne?

A wasu makarantu sharaɗin kammalawa ne, a wasu kuwa zaɓi ne, amma ɗalibin da ya tsallake shi ya yi wa kansa. Jami'o'in Birtaniya da yawa suna ba da damar shekara guda cur a kamfani tsakanin shekara ta biyu da ta ƙarshe. A Amurka, Jami'ar Cincinnati ta fara tsarin karɓa-karɓa tsakanin aji da wurin aiki tun 1906, Jamus kuma tana da tsarin da ɗalibi ke zama ma'aikacin kamfani da albashi yana kuma karatu. Manyan bankuna da kamfanonin binciken kuɗi guda huɗu, wato Deloitte, PwC, EY da KPMG, suna ɗaukar sababbin ma'aikata da yawa daga cikin ɗaliban da suka yi musu aikin hutu, kuma sukan buɗe neman gurbin watanni da yawa kafin lokacin, har ya kai wanda ya jira ƙarshen shekara sai ya tarar an rufe.

Wanda bai samu gurbi a babban kamfani ba kada ya ɗauka ya yi asara. A ƙaramin kamfani ɗalibi na iya ganin saye da sayarwa da biyan albashi da rigimar masu bin bashi duk a wata ɗaya, abin da takwaransa a babban ofis ba zai gani ba yana zaune a sashe guda. Gani ya kori ji, kuma ɗalibin da ya dawo daga aiki yakan karanta darussan shekarar ƙarshe da wani ido dabam.

Gaskiya ne ɗalibai na gasa da juna har abin ya yi muni?

Ya danganta da makaranta. Inda ake ƙayyade adadin waɗanda za su iya samun maki mafi girma a aji, nasarar wani tana rage damar wani, kuma hakan na sa wasu su riƙa ɓoye abin da suka sani. Matsin da ya fi yawa ba daga maki yake zuwa ba, daga jin cewa kowa ya samu gurbin aiki sai kai. Ya kamata a tuna cewa waɗanda suka samu ne ke sanarwa a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, waɗanda aka ƙi kuwa shiru suke yi, kuma su ne suka fi yawa. Idan damuwa ta kai ga hana barci ko cin abinci, jami'o'i da yawa suna da ofishin ba da shawara, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Yaya zan gane makaranta mai inganci?

Abu na farko shi ne hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasar ta amince da digirin. In babu wannan, sauran duk aikin banza ne. Bayan haka akwai tantancewar ƙasa da ƙasa, kamar ta ƙungiyar AACSB da aka kafa a Amurka a 1916, da ta EQUIS ta Turai. Alama ce mai kyau, amma makarantu nagari da yawa ba su da ita, domin nemanta na cin kuɗi da shekaru. Jerin gwanayen da jaridu ke fitarwa kuma sau da yawa digiri na biyu yake aunawa, ba na farko ba. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: ɗalibai nawa ne a aji, wa ke koyar da 'yan shekarar farko, waɗanne kamfanoni ke zuwa ɗaukar ma'aikata, kuma ina waɗanda suka kammala shekara uku da suka wuce suke yanzu.

Ina ƙyamar mu'amala da kuɗin ruwa saboda addini. Karatun zai yi mini?

Babu yadda za a yi a karanta harkar kuɗi ba tare da koyon lissafin kuɗin ruwa ba, domin a kansa tsarin bankunan duniya yake tafiya. Hukuncin yin aiki a irin waɗannan wurare tambaya ce ta malaman addini. Abin da za a iya faɗa a nan shi ne harkar kuɗi ta Musulunci ta zama fanni mai zaman kansa: an kafa Bankin Musulunci na Dubai a 1975, hukumar AAOIFI da ke Bahrain tana fitar da ƙa'idojin akanta na wannan fanni, gwamnatin Birtaniya ma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari da suka dace da shari'ar Musulunci, a 2014. Jami'o'i a Maleshiya da ƙasashen Larabawa da Birtaniya suna koyar da shi. Mai son wannan hanya shi ma yana buƙatar sanin tsarin da aka saba, tunda da shi ake kwatanta farashin murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) da ijara (bayar da haya) a kasuwa.

Ana koyar da ɗa'a da gaske, ko cika takarda ne?

Darasin ya ƙara samun muhimmanci bayan rushewar kamfanin makamashi na Enron a 2001, wanda ya ɓoye basussukansa a wasu ƙananan kamfanoni da ya ƙirƙira, ya kuma janyo faɗuwar Arthur Andersen, kamfanin da ke bincika littattafansa. Daga nan ne manyan kamfanonin binciken kuɗi suka koma huɗu daga biyar, Amurka kuma ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002. Durƙushewar bankin Lehman Brothers a Satumban 2008 ta sake tayar da tambayar abin da makarantun kasuwanci ke koya wa ɗalibansu.

Ko darasin ya shiga jiki ko bai shiga ba, ana gwada ɗalibi tun yana makaranta: kwafar aikin wani, gyara alƙaluma don su dace da sakamakon da ake so, ko sa sunan wanda bai yi aiki ba. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, dokokin amfani da ƙirƙirarriyar basira sun bambanta daga darasi zuwa darasi, har a tsangaya ɗaya, don haka a karanta ƙa'idar kowane malami. Waɗannan manhajoji kuma suna iya ƙago alƙaluma da sunayen littattafan da babu su, kuma ɗalibin da ya miƙa su shi zai amsa tambaya.

Digirin zai mai da ni ɗan kasuwa mai kuɗi?

A'a. Mutane da yawa sun gina manyan kasuwanci ba su taɓa shiga irin wannan aji ba, kuma akasarin waɗanda suka kammala aiki suke yi a ƙarƙashin wasu. Digirin ba ya ba da jari, ba ya ba da juriyar asara, ba ya kuma koyar da yadda ake shawo kan mai saye na farko. Abin da yake bayarwa shi ne iya fitar da ainihin kuɗin da kaya suka ci kafin a sa musu farashi, iya karanta yarjejeniya kafin a sa hannu, da iya yi wa banki ko mai zuba jari bayani da harshen da suke ji. Makarantu da yawa suna da cibiyar renon ƙananan kamfanoni da gasar tsara kasuwanci, kuma lokacin ɗalibta ne gwaji ya fi araha, tunda nauyin iyali bai hau kan mutum ba tukuna.

Bayan kammalawa, sai me?

Mai son zama ƙwararren akanta yana da sauran jarrabawoyi a gabansa, na ƙungiyar akantocin ƙasarsa ko na ACCA, ƙungiyar akantoci ta ƙasa da ƙasa mai hedikwata a Landan, wadda ke yafe wasu takardu ga waɗanda suka yi digirin da ta tantance. Yana da kyau a binciki wannan tun kafin a zaɓi darussan shekara ta biyu. Mai sha'awar nazarin zuba jari kan nufi jarrabawar CFA mai matakai uku. Digirin MBA kuwa, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, ba a gaggawarsa, domin makarantun kirki suna neman shekarun aiki kafin su ɗauki mutum, kuma wanda ya yi digiri na farko a kasuwanci zai tarar da maimaici mai yawa a zangonsa na farko. Kafin barin makaranta, ɗalibi ya tabbatar akwai malamai biyu da suka san aikinsa sosai har za su iya rubuta masa takardar shaida, ya karɓi kwafin sakamakonsa na hukuma, ya kuma tambayi ofishin neman aiki na jami'ar tsawon lokacin da tsofaffin ɗalibai ke da damar amfani da shi.